Den: gidan abincin Tokiyo da ya kawo dariya inda aka saba yin tsit

Ana tsakiyar cin abinci, an riga an kawo kwano biyu ko uku an kwashe, sai ma'aikaci ya zo ya ajiye wa baƙo wani ɗan kwali a gabansa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar shagon KFC zai gane irin kwalin nan take. Sai dai fuskar da ke jikinsa ba ta dattijon nan Ba'amurke mai farin gemu ba ce, ta mai gidan ce, kuma sunan da aka rubuta shi ne Dentucky Fried Chicken. A ciki fiffiken kaza ne ƙwaya ɗaya tak, an zare ƙasusuwan cikinsa, an cusa masa shinkafa da kayan da ke yayi a lokacin, an soya. Ba cokali, ba 'yan sandunan nan da Japanawa ke cin abinci da su. Da hannu ake ɗauka a ci.

Wannan barkwanci ba a rumfar bakin titi ake yin sa ba. A Den ake yi, wani ƙaramin gidan cin abinci a unguwar Jingumae ta birnin Tokiyo, wanda a shekarar 2022 ya zo na ɗaya a jerin gidajen abinci 50 da suka fi fice a nahiyar Asiya. Kafin nan, rabon da wani gida na Japan ya hau wannan matsayi tun 2013, lokacin da Narisawa, shi ma na Tokiyo, ya buɗe jerin. Den na da taurari biyu na Michelin, wato littafin nan na kamfanin tayoyin mota na Faransa da masu dafa abinci a duniya ke kwana suna mafarkinsa. A 2019 kuma ya karɓi lambar yabo ta duniya a kan iya karɓar baƙi, ba a kan girki ba. Wannan lambar ce ta fi jan hankalina, don ita ce ke faɗin abin da gidan ya zo da shi.

Kafin a gane dalilin da ya sa kwalin kaza ya zama labari, sai an san irin abincin da aka jefa shi a cikinsa. Sunansa kaiseki, kuma shi ne ƙololuwar girkin Japan. Tushensa yana cikin al'adar shan shayi da Sen no Rikyu ya daidaita a ƙarni na 16: ɗan abinci kaɗan da mai gida ke ba baƙonsa kafin a sha shayi mai kauri, don kada ya faɗa wa cikin da ba komai. Kalmar kanta, a ɗaya daga cikin hanyoyi biyu da ake rubuta ta, tana nufin dutsen ƙirji. Ana cewa masu bautar addinin Buda ne kan ɗumama dutse su sa cikin riga don su yaudari yunwa. Daga wannan tawali'u ne abin ya girma, ya zama jerin kwanuka da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya a tsari sananne: ɗan abin buɗe baki, romo a akushi mai murfi, ɗanyen kifi da aka yanka da gwaninta, gasasshe, dafaffe, sannan shinkafa da miya da kayan tsami, a rufe da 'ya'yan itace. Kowane kwano dole ya faɗa maka wane lokaci ake ciki na shekara. Tohon gora a farkon ɗumi, kifin rafi mai suna ayu da zafi, naman kaza na matsutake da kaka. Hatta farantin da aka zuba abincin da ganyen da aka ɗora a gefe ana canza su da canjin wata.

Abu ne mai kyau, ba shakka. Amma yana da nauyi. Tsofaffin gidajen da ake kira ryotei, inda 'yan siyasa da manyan attajirai ke ganawa a ɗakuna na keɓe a kan tabarma, da yawansu ba sa karɓar wanda ba su sani ba, sai wani tsohon abokin cinikinsu ya tsaya masa. Wanda ya samu shiga kuma sai ya shiga da fargaba. Ta ina ake buɗe murfin akushi, ina ake ajiye shi, wane ganye ake ci, wanne ne ado? Ba baƙon waje kaɗai ba, matashin Bajapane ma yakan zauna a takure kamar wanda aka kira gaban alƙali. Ni malamin makaranta ne, na san bambancin ajin da ya yi shiru don yana sauraro da ajin da ya yi shiru don tsoron bulala. Shirun wasu gidajen kaiseki ya fi kama da na biyun.

Zaiyu Hasegawa, mai gidan Den, cikin wannan duniya ya tashi. An haife shi a Tokiyo a 1978. Mahaifiyarsa geisha ce, wato irin matan nan da suka yi shekaru suna koyon kiɗa da rawa da hira don nishaɗantar da baƙi a manyan gidajen abinci. Sana'a ce mai horo da mutunci a wurinsu, ba abin da wasu ke zato ba. Tana aiki a unguwar Kagurazaka, kuma takan koma gida da ɗan abin da aka dafa a can, yaron ya ɗanɗana. Yana ɗan shekara 18 ya shiga kicin ɗin wani tsohon ryotei na unguwar mai suna Uotoku a matsayin almajiri. Koyon girki a irin waɗannan wurare ba na wata shida ba ne. Yaro kan yi shekaru yana wanke-wanke da fere kayan lambu kafin a yarda ya taɓa kifi. Yana da shekara 29 ya buɗe nasa gidan a Jimbocho, unguwar masu sayar da tsofaffin littattafai, a 2016 kuma ya koma Jingumae inda yake yanzu. Harafin da ake rubuta sunan gidan da shi yana nufin isar da saƙo, ko miƙa abu daga hannu zuwa hannu.

To, me ya canza? Tsarin bai rushe shi ba. Har yanzu baƙo ba ya zaɓar abin da zai ci, kwanuka na zuwa a jere, lokacin shekara ne ke mulki, kuma shinkafa ce ke rufe taro. Abin da ya cire shi ne tsoro. Kwano na farko ma ba kwano ba ne, wani ɗan ƙunshin takarda ne irin na kanti. A ciki akwai monaka, wata 'yar alawa ce ta gargajiya da kowane yaro a Japan ya sani: ɓawo biyu masu ƙaras-ƙaras na garin shinkafa, da jan wake mai zaƙi a tsakiya. Hasegawa ya fitar da waken, ya sa hantar agwagwa mai kitse irin ta Faransawa wadda aka jiƙa a miso, wato daddawarsu ta waken suya, ya haɗa da kayan tsami da ɗan itacen da ke yayi. Da kaka yakan zama kaki, wanda ɗan uwan kanyarmu ne, sai dai ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Baƙo ya yage takarda da hannunsa, ya gatsa, ɓawon ya fashe masa a baki. Daga nan kafaɗa ta sauka. Wanda ya fara cin abinci da yage takarda ba zai ƙara damuwa da inda ake ajiye murfin akushi ba.

Sai kwanon ganye. Kayan lambu sama da iri 20 a kwano ɗaya, kuma kowanne da yadda aka bi da shi: wani ɗanye, wani soyayye, wani gasasshe, wani an jiƙa shi ya yi tsami, wani an turara. Idan ka tona za ka ci karo da yankan karas da aka huda masa ido biyu da baki yana murmushi. An sha ganin tururuwa a kai, da gangan aka sa, don ɗan tsamin da take da shi. Mu da muke soya fara mu barbaɗa yaji ba mu da bakin yi musu dariya.

Shi kuwa kwalin kazar, barkwancinsa ya fi zurfi a kunnen Bajapane. KFC ta shiga ƙasar a 1970, kuma tun wani talla da ta yi a 1974 ya zama al'ada iyalai su ci soyayyar kazarta ranar Kirsimeti, har layi ake yi. Wato abinci ne na yara da iyali, na ranar farin ciki. A gefe guda kuma tsohon girkin Japan bai saba da nama ba. Tun shekara ta 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar da ta taƙaita cin naman shanu da dawaki da kaji da wasu dabbobi, kuma ƙyamar nama ta daɗe ƙwarai a ƙasar, sai a 1872 aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci naman sa, jama'a suka biyo baya. Kifi da kayan lambu ne ƙashin bayan kaiseki. Saboda haka a ɗauko soyayyen fiffike a kwalin kanti a dasa shi a tsakiyar wannan jeri, kamar a shigo fada ne da rigar ƙwallo. Ma'aikatan gidan kan ƙara da nasu, su yi wa kwalin wani ɗan ado ko rubutu da ya shafi baƙon da ke zaune, wani lokaci tutar ƙasarsa.

Amma fa kada wasan ya ruɗe mu. Da wasa kaɗai ne, da tuni an gaji an watse. Abin da ke riƙe da gidan yana cikin tukunya, inda ba a wasa ko kaɗan, kuma sunansa dashi.

Dashi romo ne, amma ba irin namu da ake barin ƙashi yana tafasa tun safe ba. Abu biyu ne da ruwa. Na farko kombu, wani faffaɗan ganyen teku da ake cirowa galibi a gaɓar tsibirin Hokkaido a shanya. Na biyu katsuobushi: kifin tuna ne, ƙaramin nau'in nan da jiragen kamun kifi ke saukewa da yawa a Tema, a dafa shi, a cire ƙaya, a yi ta banda shi da hayaƙi ana hutar da shi, mafi daraja kuma a bar wata irin fumfuna ta kama shi, a shanya, a maimaita, har tsawon watanni. Ƙarshenta kifin ya koma kamar guntun katako, in ka buga biyu sai su yi ƙara. Sai a kankare shi siriri kamar yadda kafinta ke fere itace. Ana ɗumama ganyen a ruwa a cire shi kafin ya tafasa, a zuba kankararren kifin na ɗan lokaci kaɗan, a tace. Shi ke nan. Ruwan na fitowa garau kamar shayin da bai yi ƙarfi ba, kuma da shi ake auna mai girki a Japan. Masana kan ce da sun buɗe murfin akushin romo sun kurɓa sau ɗaya, sun san ko gidan na kirki ne. Ba yaji, ba mai, ba inda kuskure zai ɓuya.

Kuma wannan romo yana da dangantaka da kicin ɗinmu fiye da yadda muke tsammani. A 1908 wani malamin kimiyyar sinadarai a jami'ar Tokiyo, Kikunae Ikeda, ya zauna ya binciki abin da ke ba romon kombu daɗinsa, ya gano sinadarin gulutamet, ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami. Shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi a gari da sunan Ajinomoto. Shi ne farin magin da ke kan teburin kowace mai koko da mai shinkafa da wake a zango. Daɗin da iyayenmu ke nema a daddawa da busasshen kifi, shi ne dai Bajapane ke nema a ganyen teku da bandar tuna. A 1913 wani almajirin Ikeda, Shintaro Kodama, ya gano cewa kifin ma yana da nasa sinadarin daban, daga baya kuma aka fahimci cewa idan biyun suka haɗu daɗin ba ƙaruwa kawai yake yi ba, ninkuwa yake yi. Masu girki sun san haka da harshensu shekaru aru-aru kafin a auna.

Me ya sa duk wannan ya wuce labarin masu kuɗi da cikinsu? Saboda girkin da Hasegawa ya gada yana rasa masu ci a gidansa. A 1962 Bajapane ɗaya kan ci shinkafa kimanin kilo 118 a shekara. Yanzu abin ya sauko wajen kilo 50. A 2011, a karon farko, kuɗin da iyalai ke kashewa a kan burodi ya zarce wanda suke kashewa a kan shinkafa. Da hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar Japan cikin kayan gadon duniya a watan Disambar 2013, murna aka yi, amma waɗanda suka nemi a sa shi ɗin sun yi ne har da fargabar kada ya ɓace. Tsofaffin ryotei sun yi ta rufewa tun da kamfanoni da ma'aikatu suka rage kashe kuɗin liyafa a shekarun 1990, yawancin gidaje kuma garin dashi na leda suke saya. Al'adar da sai dattijo mai hannu da shuni ke iya kusantarta, 'ya'yanta kuma suna jin tsoronta, ta kama hanyar gidan tarihi. Amsar Hasegawa ita ce a bar horon a kicin, a sakar wa baƙo mara. Matarsa ce ke kula da zauren cikin kimono, shi kuma yana fitowa daga bayan kanta ya yi hira, ya tsokani wannan, ya tambayi wancan daga ina. Har ɗan ƙaramin karensu, Puchi Junior, ya yi suna a wurin masu zuwa gidan. Wannan kam, in ni ne, sai in ce a bar shi can ciki.

Ba kowa ne ya yarda da shi ba, kuma masu sukar suna da abin faɗa. Akwai masu ganin cewa shirun kaiseki ba girman kai ba ne, hanya ce ta sa mutum ya lura da abin da ke bakinsa, kuma da zarar an fara dariya da ɗaukar hoto hankali ya rabu biyu. Jerin 50 ɗin nan ma ba ma'aunin zinari ba ne. Wani kamfanin Ingila ne ke shirya shi, ƙuri'a ce ta mutum sama da 300, masu girki da marubuta da masu yawon cin abinci, kuma a irin wannan zaɓe mai fara'a da yawan abokai yana da riba a kan gwanin da ba ya magana. Akwai gidaje a Kiyoto da Tokiyo masu taurari uku da ba su taɓa kusantar saman jerin ba. Ita ma hantar agwagwar da ake yabo, ɗura ake yi wa tsuntsun har hantarsa ta kumbura, abin da ya sa ƙasashe da dama suka hana yin ta. Sannan ga abin da ya fi ba ni dariya: gidan da aka gina don mutum ya ji kamar yana gidansu ya zama wurin da samun kujera a cikinsa sai mai rabo. Kujerun kaɗan ne, masu nema daga ko'ina a duniya. Kuɗin kuwa, kaiseki mai daraja a Tokiyo yakan kai yen dubu 30 ko fiye ga mutum ɗaya. Na lissafa da albashin malamin makaranta, na rufe littafin.

Duk da haka ina ganin Hasegawa ya fi masu sukarsa gaskiya. Wanda ya shiga Den don kwalin kaza zai fita ya sha dashi na gaske, ya ci kifin da ke yayi, ya ga yadda ake jera kwanuka. Wanda aka tsorata tun daga ƙofa kuwa ba zai ɗanɗani komai ba.

Ga ɗan uwa Musulmi da karatu ko kasuwanci zai kai Japan, akwai abin lura, kuma bai tsaya ga wannan gida kaɗai ba. Mutum zai ga kifi da ganye da shinkafa ya ce ai ba matsala. Matsalar tana cikin abin da ido ba ya gani. Girkin Japan ya dogara ƙwarai da sake, giyar shinkafa, da kuma mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake sa wa miya da gashi, wanda na ainihinsa yana da barasa wajen kashi 14 cikin 100. Da wuya a sami dafaffen abu ko gasasshe a kaiseki da ɗayansu bai shiga ba. Kaza da agwagwa da naman sa kuma ba yankan Musulmi ba ne sai an faɗa maka haka. Tunda a irin waɗannan gidaje ba kai ke zaɓar abinci ba, ana faɗin abin da ba a ci ne tun lokacin kama wuri, ba bayan an zauna ba, kuma a ambaci mirin da sunansa, don da yawa daga masu girki ba sa lissafa shi cikin giya. Wasu gidajen za su iya sauyawa, wasu za su ba ka haƙuri. Akwai gidajen abincin Japan masu shaidar halal a Tokiyo, kuma babban masallacin birnin, Tokyo Camii, yana cikin gundumar Shibuya, gunduma ɗaya da Den.

Ƙarshen jerin a Den shinkafa ce, kuma a nan ba barkwanci. Ana dafa ta a donabe, tukunyar ƙasa mai kauri da murfi mai nauyi, wadda ke ɗaukar zafi a hankali ta riƙe shi. Ana ɗora mata abin da lokaci ya kawo, wani sa'in ƙwan kifi, wani sa'in naman kaza ko nama, a kawo tukunyar gaban baƙi a buɗe, tururi ya tashi, kowa ya leƙa, sannan a juya a zuba a ƙananan kwanuka tare da miyar miso da kayan tsami. Wanda bai ƙoshi ba a ƙara masa. Abin da ya kama a gindin tukunya, wanda ya yi ja ya yi ƙaras, suna kiransa okoge, kuma ba a zubarwa, rabo ne da ake so. Ƙanzo ke nan. A yawancin gidajen da ke dafa irin wannan shinkafa, in ta yi saura sai a dunƙula ta a naɗe wa baƙo ya tafi da ita don karin kumallo, mai gida kuma ya rako shi har bakin titi, ya tsaya yana sunkuyawa sai ya sha kwana.